Gidajen Masu Ƙaramin Ƙarfi a Suleja: Wa Ke Riƙe da Jerin Sunaye?

SULEJA — Tun daga shekarar 1973, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, da wuya a sami gwamnatin da ta hau mulki a Nijeriya ba tare da ta yi alkawarin gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje masu sauƙin kuɗi ba. An gina wasu, an yi watsi da wasu bayan sun kai linta, waɗanda aka kammala kuwa sau da yawa idan aka yi sallama a ƙofa, wanda zai amsa ba shi ne aka gina gidan dominsa ba. An saba ɗora laifin wannan a kan rashin kuɗi da tsadar siminti. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba su bayyana yadda gidan da aka riga aka gina da kuɗin jama'a yake sauya hannu tsakanin ranar aza harsashi da ranar miƙa makulli ba. Abin da ke bayyana wannan shi ne jerin sunayen waɗanda za a bai wa gidajen: wa ya rubuta shi, wa ya gani, wa kuma ke da ikon cewa ga sunan da bai cancanta ba. Garin Suleja na cikin wuraren da suka fi dacewa a duba wannan al'amari, saboda irin matsayin da tarihi ya ajiye shi.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970, sunan garin Abuja. Abu Ja ne ya kafa shi a 1828, bayan da sarakunan Haɓe na Zazzau suka baro Zariya sakamakon jihadi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar soja mai lamba 6 ta 1976 wadda ta ware yankin sabon babban birnin tarayya, masarautar ta rasa yanki mai yawa na ƙasarta, ta kuma bar wa sabon birnin sunanta, garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Shi kansa garin an bar shi a wajen iyaka, cikin jihar Neja wadda ita ma a watan Fabrairun wannan shekara aka ƙirƙiro ta. Amma tun daga ranar farko nauyin sabon birnin a kansa ya faɗa. A nan ma'aikatan hukumar raya birnin tarayya suka fara ya da zango, a unguwar da har yau ake kira Field Base, kafin a sami wurin kwana a Abuja.

Kowane mataki da Abuja ta ɗauka don tsaftace kanta, Suleja ce ke karɓar waɗanda aka share. An mayar da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, ma'aikatu suka biyo baya, gidajen da aka tanada ba su ishi ƙananan ma'aikata ba. Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufai yake ministan birnin, an rushe unguwanni irin su Idu da Karmo, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ƙiyasta cewa mutane dubu ɗaruruwa ne suka rasa matsuguni. A cikin waɗannan shekaru ne aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya da ke birnin, a 2006 kuma aka hana acaɓa shiga tsakiyarsa. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa sun kwararo Madalla da Maje da Kwamba da Gauraka. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutane sama da 200,000, kuma ba a sake ƙidaya a ƙasar ba tun daga lokacin. Duk wanda ya ga jerin motocin da ke barin gindin Dutsen Zuma da asuba zuwa Zuba da Kubwa ya san wannan adadi ya daɗe da zama tarihi.

Akasarin waɗannan mutane ba gwamnati ce ta ba su wurin kwana ba. 'Yan kasuwa da ma'aikatan da suka yi ritaya ne suka sayi filayen awon igiya, suka jera ɗakunan haya, ɗaki ɗaya ko ciki da falo, sau da yawa ba titi ba magudanar ruwa. Inda filin kirki ya ƙare, gini ya gangara bakin rafi. Ambaliyar watan Yulin 2017, wadda ta ci rayuka ta kuma rushe gidaje a cikin garin, ta nuna tsadar wannan arha.

Inda rangwamen yake ɓoye

Kafin a yi maganar sa ido, ya kamata a san abin da ake sa wa idon. Gidan gwamnati yana da arha ne saboda wani ya biya wani ɓangare na kuɗinsa, kuma a wurare uku ake biya. Na farko fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan filayen jiha a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ake biya kuwa ta abin da ke kan filin ce, wato gini da itatuwa da amfanin gona, ban da darajar da filin zai yi a kasuwa. A kewayen Suleja, wannan na nufin manomin Gbagyi ko Koro da aka karɓi gonarsa shi ne mutum na farko da ya zuba jari a cikin rukunin gidajen, ko da yake ba a rubuta sunansa a cikin masu hannun jari ba. Na biyu titi da ruwa da wutar lantarki, waɗanda ake biya daga kasafin kuɗi. Na uku kuɗin ruwa. Asusun Gidaje na Ƙasa yana ba da lamuni a kan kashi 6 cikin 100 har tsawon shekara 30, alhali a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, Babban Bankin Nijeriya kuma ya tsayar da nasa ma'aunin kuɗin ruwa a kan kashi 27.5. Wanda ya sami rance a kan kashi 6 a irin wannan yanayi, rabinsa kyauta aka ba shi.

Idan aka haɗa ukun, sai a sami tazara tsakanin farashin da gwamnati ta sa wa gida da abin da zai yi a kasuwa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, gidan da dillali zai sayar naira miliyan 15 gwamnati ta sa masa miliyan 9. Duk wanda sunansa ya fito a jerin an miƙa masa miliyan 6 ke nan tun kafin ya kwana a ciki. A garin da ke nesa da harkokin kasuwanci wannan tazara ƙarama ce, wani lokaci ma babu ita, shi ya sa ake ganin rukunin gidaje a bayan gari ciyawa ta cinye su. A Suleja kuwa, inda mai albashin Abuja ke neman wurin kwana ido rufe, tazarar tana da faɗi ƙwarai. Takardar rabon gida takan zama haja da kanta, ta bi hannu biyu ko uku kafin a sa wa gidan kwano. Inda duk aka ajiye zuma a buɗe ba a rasa ƙuda, kuma laifin ba na ƙudan kaɗai ba ne.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi a wurin bikin aza harsashi ba. Lokacin da Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta buɗe sayar da gidajen shirinta na ƙasa a 2021, mafi arha a cikinsu ya ɗan haura naira miliyan 7. Rancen miliyan 7 a kan kashi 6 na shekara 30 yana buƙatar kimanin naira 42,000 duk wata. Da yake ƙa'idar masu ba da lamuni ita ce kada biyan bashi ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, sai mai albashin naira 126,000 ne zai cancanta, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Da aka ɗaga shi zuwa naira 70,000 a 2024, sulusinsa bai isa ya ɗauki rancen miliyan 4 ba, kuma a farkon wannan shekarar ce farashin buhun siminti ya haura naira 10,000. Wannan fa mai albashi ke nan. Mai tebur a kasuwar IBB, da ɗan acaɓa, da mai sayar da abinci a tasha, ba su da takardar albashin da za su nuna. Saboda haka ko da an sa sunan talaka na ainihi a jerin, tsarin da kansa yana tura shi ya sayar da takardarsa, ko kuwa wani mai hali ya ari sunansa ya ba shi ɗan abin hasafi.

Abin da aka gwada a baya

Tarihin shirye-shiryen ya maimaita kansa har ya gundura. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ƙuduri gina gidaje 202,000, abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi alkawarin gidaje 40,000 a kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha, kashi 80 cikin 100 domin masu ƙaramin ƙarfi. A lokacin Alhaji Muhammadu Awwal Ibrahim, wanda daga baya ya hau gadon sarautar Suleja, shi ne gwamnan Neja a ƙarƙashin jam'iyyar NPN mai mulki, don haka jihar ba ta shiga rigimar fili da ta dabaibaye shirin a jihohin 'yan hamayya ba. Amma sauran matsalolin sun game ƙasar baki ɗaya. An zana fasalin gida ɗaya daga Legas har Sakkwato, ba zaure, ba tsakar gidan da mace za ta yi girki da wanki a asirce. An kai gidajen bayan gari inda ba ruwa ba mota. An raba kwangila bisa biyayyar jam'iyya. Da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, abin da aka gama bai kai rubu'in abin da aka yi alkawari ba. Babu inda aka tambayi wanda zai zauna a gidan ko ina yake so a gina shi, ko nawa zai iya biya.

A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta fito da shirin gidaje 121,000, ta nemi masu so su ajiye kuɗi tun kafin a fara gini. Mutane suka ajiye, farashin kayan gini ya tashi, aka ƙara kuɗin gidajen, kaɗan daga ciki aka kammala. Waɗanda suka ba da kuɗinsu ba su da wakili a teburin da aka yanke shawarar ƙarin. Haka nan Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar soja mai lamba 3 ta 1992 ta kafa a hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Dokar ta ce a cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata, bankuna su zuba kashi 10 na rancen da suke bayarwa, kamfanonin inshora su ma su ba da nasu kaso. Na ma'aikaci ne kawai aka fi cirewa ba fashi, domin shi tun daga tushe ake yanke shi. A 2023 an gyara dokar, ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu suka sami zaɓin shiga ko ƙin shiga, ma'aikatan gwamnati kuwa har yanzu dole ne.

A matakin jiha, gwamnatin Dakta Mu'azu Babangida Aliyu ta 2007 zuwa 2015 ta bi hanyar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, wadda ta samar da rukunin gidaje irin na Wushishi da na Talba a Minna. A irin wannan tsari gwamnati ce ke kawo fili, kamfani ya kawo kuɗin gini. Tambayar da ta kamata jama'a su riƙa yi a nan ita ce nawa aka ƙiyasta darajar filin, kuma gida nawa aka ware wa marasa ƙarfi a madadinsa, domin fili a bakin iyakar Abuja ya kan fi ginin da ke kansa tsada.

Su wa ake nufi da jama'a?

Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin samar wa 'yan ƙasa matsuguni mai kyau, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Dokar 1978 ta tanadi kwamitin rabon filaye a kowace jiha, da kwamitin ba da shawara a kowace ƙaramar hukuma. Gwamna ne ke naɗa 'yan kwamitin jiha, kuma abin da dokar ta wajabta shi ne a sa ƙwararru biyu kan harkar filaye da lauya ɗaya. Ba ta ware kujera ga manomin da aka karɓi gonarsa ba, balle ɗan haya, ga shi kuma wannan kwamiti ne dokar ta ce a kai wa ƙorafi a kan yawan diyya. Ke nan idan jama'a za su sa ido, sai sun nemi ƙofa da kansu.

A nan ne Suleja ta fi sauran garuruwa wuyar sha'ani. A ƙauye, idan aka ce jama'a, an san su: dagaci ya san kowane gida, ya san wanda rufinsa ke yoyo. A Suleja akwai 'yan asalin gari na unguwannin Magajiya da Wambai da Hashimi da Kurmin Sarki, akwai Gbagyi da Koro na ƙauyukan kewaye, akwai kuma ɗimbin 'yan haya daga kowace kusurwa ta ƙasar nan waɗanda ke fita kafin gari ya waye, su dawo bayan isha'i. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi bukatar gida, su ne kuma suka fi rashin murya. Da yawansu katin zaɓensu na wani wuri ne. Ka'idar harajin albashi ita ce a biya jihar da mutum yake kwana, amma jihohin Neja da Nasarawa sun daɗe suna kukan cewa harajin mazaunansu masu aiki a Abuja a can yake tsayawa. Mutumin da ba ya zaɓen kansila a inda yake kwana, harajinsa kuma ba ya shiga asusun jihar, ba abin mamaki ba ne idan ba a tuna da shi ranar rubuta sunaye.

Saboda haka kowace hanya ɗaya da aka bi wajen tattara sunaye tana da wanda take zubarwa. Idan aka bar wa masu unguwanni kaɗai, ko aka sa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ta zama sharaɗi, ɗan hayar da ya shekara ashirin a Kwamba ya fita. Idan aka bar wa ƙungiyoyin ƙwadago, sai mai albashi. Idan aka raba wa 'yan siyasa kaso-kaso, kowa ya san inda za a ƙare. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a tara shaidu da yawa waɗanda bukatunsu ba ɗaya ba ne. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na masu sana'ar hannu duk suna da rajistar 'ya'yansu, suna karɓar kuɗin wata, sun san wanda ke da gida uku da wanda ke kwana a shago. Haka masallatai da majami'u da ƙungiyoyin adashin mata. Wuya ce a sayi bakinsu gaba ɗaya a lokaci ɗaya.

Sannan a manna jerin a bango. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin hukumar zaɓe tana kafe rajistar masu zaɓe na wasu kwanaki don kowa ya duba ya yi ƙorafi. Idan ana yi wa ƙuri'a haka, gidan da ke ɗauke da rangwamen miliyoyin naira ya fi cancanta. Sanarwar da aka saka a shafin intanet na ma'aikata kawai ba ta isa ba, don kuwa maƙwabcin da ya san gaskiyar mutum ba lalle ne ya leƙa can ba. A sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fada da bakin kasuwa ne idon da ya san mutane yake wucewa.

Jihar Neja ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tsari. Tana cikin jihohin da suka gudanar da shirin LEEMP na Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 2000, da shirin CSDP da ya biyo baya daga 2009, inda al'umma ke zaɓar aikin da take so, ta naɗa kwamitin da ke riƙe da asusu, ta ba da nata ɗan kaso, a kuma bayyana kuɗin aikin kowa ya sani. Ayyukan ƙanana ne, rijiyar burtsatse da ajin makaranta da kwalbati, kuma ba a rasa wuraren da masu faɗa a ji suka mamaye kwamitin ba. Duk da haka sun nuna cewa mutanen unguwa na iya riƙe littafin kuɗi. Ba a taɓa ɗaukar wannan darasi da muhimmanci a harkar gidaje ba, wataƙila saboda a nan kuɗin sun fi tsoka.

Ƙasashen waje ma suna da abin dubawa. Habasha ta fara gina dubban gidajen bene a Addis Ababa a tsakiyar shekarun 2000, tana raba su ta hanyar ƙuri'a ga waɗanda suka yi rajista suka yi ajiya a banki. Ana ganin ƙuri'a ba ta san ɗan gida ba, amma a watan Yulin 2022 hukumar birnin ta soke wani zagaye gaba ɗaya bayan an gano an yi cushe a cikin bayanan da aka ɗora wa kwamfuta. Wanda ya riƙe jerin da ake zaro ƙuri'a daga cikinsa, shi ya riƙe sakamakon. Afirka ta Kudu ta hana sayar da gidan tallafi har sai ya shekara takwas a hannun mai shi, sai cinikin ya koma bayan fage ba takarda, abin da ya ƙara jefa mai saye da mai sayarwa cikin haɗari. Ƙasar Tailan ce ta bi ta wata fuska dabam. A shirin Baan Mankong da ta fara a 2003, gwamnati ba ta gina gida ta nemi mai shiga. Mazauna unguwa ne ke kafa ƙungiyar gama kai, su fara tara ajiya, su yi cinikin fili, su karɓi rance mai sauƙi da sunan ƙungiya, filin kuma ya zauna da sunanta. Wanda zai tashi sai ya bi ta hannun ƙungiyar, don haka ba takardar da zai kai wa dillali. Ga garin da adashi da ƙungiyoyin sana'a suka yi ƙarfi kamar Suleja, wannan ya fi kusa da abin da mutane suka saba. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ma yana da ƙofar ba ƙungiyoyin gama kai rancen gini, sai dai sharaɗin kawo takardar mallakar fili daga gwamna ya kan tsayar da ƙananan ƙungiyoyi tun a bakin ƙofa. Akwai kuma 'yan kasuwa da dama da ke gudun duk rancen da ke da ruwa saboda addini, ko da kashi 6 ne, alhali bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna aiki a ƙasar tun 2012.

Ribar ɗan kasuwa a ciki

Wasu 'yan kwangila na ɗaukar sa idon jama'a a matsayin tsangwama. Ɗan kwangilar kirki kuwa shi ya fi kowa cin moriyarsa. Idan an kafe allo a bakin aiki mai nuna kuɗin kwangila, da kafin alƙalamin da aka biya, da ranar da aka biya kowane kashi, to ranar da aiki ya tsaya za a san ko shi ne ya gudu ko ma'aikata ce ta riƙe masa kuɗi wata tara siminti na tashi. Mai buga bulo na gaskiya ma haka, domin abokin hamayyarsa da ke cika yashi ya fi shi arha ne kawai a inda ba mai dubawa. Suleja ba ta rasa magina da kafintoci waɗanda suka gina rabin Abuja da hannunsu ba. Sun san bulo nawa buhu ɗaya ya kamata ya fitar, sun san kaurin rodin da ya dace da ginshiƙi. Idan aka ba biyu ko uku daga cikinsu jadawalin kayan aikin da aka biya kuɗinsa, yini ɗaya ya ishe su su gwada shi da abin da ke ƙasa. A bisa al'adar kwangilar gini, akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, yawanci kashi 5 cikin 100, har a ga ko gini zai nuna aibi cikin watannin farko. Waɗanda ruwa ke zubo wa a ɗaki su ne suka fi cancanta a ji ta bakinsu kafin a saki wannan kuɗi.

Mai kamfanin da ke cire wa ma'aikatansa kashi 2.5 yana da nasa nauyin, wato ya tabbatar kuɗin sun isa asusu da sunan kowane ma'aikaci, domin da yawa sai ranar neman rance ko ranar ritaya suke gano cewa akwai watannin da ba a shigar ba. Wanda kuma ke sha'awar sayen takardar rabon gida daga hannun dillali ya san cewa abin da ya saya alkawari ne da sunan wani, kuma duk ranar da aka sake tantance jerin, ba shi da bakin magana.

A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, kusa da babbar hanyar Kubwa wadda mazauna Suleja ke bi kullum zuwa aiki. Ko a wannan shiri, ko a duk wanda jiha za ta kawo gaba, kayan aikin tambaya suna nan a cikin doka. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta wajabta wa ma'aikatun tarayya su gayyaci 'yan sa ido biyu wurin buɗe takardun neman kwangila, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiya mai zaman kanta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane mutum, ko ƙungiyar 'yan kasuwa, damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takardar kwangila ko ƙa'idojin rabo ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi su ma. Ma'aikata na da kwana 7 ta ba da amsa. Idan ta ƙi, ko ta yi shiru, mai tambaya na da kwana 30 ya shigar da ƙara a babbar kotu, kuma tarar hana bayani ba bisa ƙa'ida ba naira 500,000 ce.